Murar aladu: tsakaninmu da su, wa ke shafa wa wani?

Da an ambaci murar aladu sai ka ji wani ya ce shi ba ya kiwo, ba ya cin naman, to ina ruwansa. Shekarar 2009 ta isa amsa. A watan Afrilu aka gano sabuwar ƙwayar mura mai suna H1N1 a Mekziko da Amurka, ranar 11 ga Yuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annobar duniya. Akasarin waɗanda suka kamu ko kusa da alade ba su taɓa zuwa ba, ta tari da atishawar 'yan uwansu mutane ta same su. Har gobe tana cikin murar da ke zagayowa kowace shekara.

Kayan gadon ƙwayar mura nau'in A ba a dunƙule yake ba, gida takwas ne. Idan ƙwayoyi biyu mabambanta suka haɗu a tantani ɗaya na huhu, 'ya'yan da za su fito sai su ɗebi wani yanki daga wannan, wani daga waccan. A lissafi haɗi 256 ke iya fitowa. Yawancinsu ba sa kai labari, amma guda ɗaya da ta yi dace ta isa. Shi kuwa alade hanyar numfashinsa tana da mashigar da murar mutane ke kamawa da wadda ta tsuntsaye ke kamawa, saboda haka a jikinsa ake yin wannan gamin gambiza. Ta 2009 haka ta samu: yanki shida daga wata ƙwaya da ta ɓulla a aladun Amurka wajen 1998, wadda ita kanta haɗin ta alade da ta mutum da ta tsuntsu ce, sai yanki biyu daga zuriyar da ta tsallako daga tsuntsaye zuwa aladun Turai a 1979.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mu muka fi shafa musu. Ma'aikaci ya shiga garke da murarsa, ya yi atishawa, aladu su ɗauka. A wurinmu wannan ƙwayar takan sauya kama ta wuce, a wurinsu kuma sai ta zauna ta bi tata hanyar shekara ashirin, talatin. Garke ya zama rumbun tsofaffin murarmu ke nan. Yaron da aka haifa bayan wucewarta jikinsa bai san ta ba. Shi ya sa a 2012, da H3N2 ta aladu ta kama mutum fiye da 300 a Amurka, yara ne suka fi yawa, kuma a wuraren baje kolin dabbobi suka ɗauka. Sunayen murar aladu da ake ji uku ne kawai, H1N1 da H1N2 da H3N2, sai mutum ya zaci abu kaɗan ne. Ƙarƙashin kowane suna akwai zuriyoyi barkatai, ta Turai daban, ta Amurka daban, ta Chaina daban. A 2020 masu bincike a Chaina suka ba da rahoton wata da ake kira G4, kuma kusan kashi 10 cikin ɗari na ma'aikatan gonar aladu da aka gwada jininsu ya nuna sun taɓa haɗuwa da ita.

A ganina babban sakacin yana wajen sa ido, don cutar ba ta tayar wa mai gona hankali. Kwana ɗaya zuwa uku da shigarta sai garke ya kwanta: zazzaɓi ya haura digiri 40, tari, majina, ƙin cin abinci, dabbobi a cure waje guda. Cikin mako guda sun miƙe, waɗanda ke mutuwa ba su cika kai ɗaya cikin ɗari ba. Wa zai kira likitan dabbobi a kan haka? Ko an kira shi ma sau da yawa an makara. Majinar gwaji ana shafo ta daga hanci ne a kwana ukun farko na zazzaɓi, bayan mako guda da wuya a samu komai. Akwai dabara mai sauƙi: a rataya igiyar auduga daidai kafaɗar dabbobin minti 20 zuwa 30, su yi ta tauna, a matse yawun cikin leda, a juye a kwalba, a sa cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji. Idan samfurin ya sha zafi a hanya, sakamako ya fito babu cuta alhali tana nan.

Rigakafin aladu ma ba ya kashe bakin zaren. Idan ƙwayar da aka yi allurar da ita ba ta yi daidai da wadda ke yawo a gonar ba, kariyar ragaggiya ce. Garkuwar da 'ya'ya ke samu daga nonon uwa takan ɓoye alamun cuta ba tare da ta hana kamuwa ba. Sai a yaye su suna mako uku ko huɗu, a gwamutsa su da na wasu gonaki, ƙwayoyi su sami wurin haɗuwa. Gyaran shi ne rukuni ya shiga ɗaki tare ya fita tare, a wanke a bar shi ya bushe, sabbin dabbobi kuma a killace su kafin a haɗa. Kaji da agwagwa su yi nesa. Aladen da aka samu da murar tsuntsaye ta H5N1 a jihar Oregon ta Amurka a Oktoban 2024 ruwa ɗaya yake sha da tsuntsayen gidan.

Karkashe dabbobi kuwa an gwada. Masar ta ba da umarnin hallaka aladu kusan 300,000 a 2009, cutar kuma ta shigo abinta ta jikin matafiya. Kuɗin da ya fi amfani shi ne na ma'aikaci: allurar mura duk shekara, takunkumin fuska da safar hannu da takalmin roba da ba sa barin gona, da hutun jinya da albashinsa, domin wanda za a yanke wa kuɗin yini zai zo aiki ko yana tari. Idan zazzaɓi ya kama shi, ya faɗa wa likita ƙarara cewa da aladu yake aiki. Maganin mura na oseltamivir ya fi tasiri cikin awa 48 na farko, kuma gwajin gaggawa na asibiti ba ya bambance murar alade da ta mutane, sai an tura samfurin babban ɗakin gwaji.