Azumin cikar wata na 'yan Hindu ba shi ne wanda muke gani a fim ba

Jama'a da yawa in an ce azumin wata na 'yan Hindu, abin da ke faɗo musu a rai shi ne matar nan ta fim ɗin Indiya da ke leƙa wata ta cikin rariya sannan ta kalli fuskar mijinta. To wannan daban ne fa. Sunansa Karwa Chauth, matan aure ke yi musamman a arewacin Indiya don neman tsawon rai wa miji, sau ɗaya a shekara, kuma ranar ma watan bai cika ba, kwana na 4 ne bayan cikarsa.

Na cikar wata shi ake kira Purnima, kowane wata yana zagayowa, maza da mata duk suna yi kuma ba dole bane, alwashi ne mutum ke ɗaukar wa kansa. Da yawa suna haɗa shi da bautar Satyanarayan, wato Vishnu, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu, a taru a gida a karanta labarinsa a raba abin zaƙi.

Sannan kar ka ɗauka kame baki ne gaba ɗaya irin namu, mafi yawansu suna shan ruwa da madara, su ci 'ya'yan itace ko dankali, shinkafa da alkama da nama ne dai ake ƙauracewa, wasu kuma ko ruwa basa sha sai wata ya fito da daddare. Ni dai ina ganin gara mu san addinin mutane yadda yake da mu riƙa ɗaukar fim a matsayin hujja.