Kacici-kacicin Mayberry: ba kowace tambaya ce take da amsa ɗaya ba

Jama'a, duk mai niyyar haɗa kacici-kacici a kan The Andy Griffith Show ya fara da sanin cewa yawancin gardamar da masoyan shirin suke tafkawa, a kan tambayoyin da shirin da kansa bai tsayar wa amsa ba ne. Mai tambaya ya kafe, mai amsa ya kafe, kuma kowanensu yana da kashin da zai nuna a matsayin hujja. A ganina laifin na mai tambayar ne, domin bai san yadda aka yi shirin ba.

Ga wanda bai san shi ba, shirin barkwanci ne na Amurka da tashar CBS ta nuna daga 3 ga Oktoba 1960 zuwa 1 ga Afrilu 1968, zango takwas, kashi 249. Labarin wani ƙaramin gari ne da aka ƙirƙira mai suna Mayberry a jihar North Carolina. Andy Griffith ya fito a matsayin Andy Taylor, shugaban 'yan sandan yankin wanda matarsa ta rasu ta bar masa ɗa ɗaya, Opie, sai gwaggonsa Bee da take riƙe musu gida, sai mataimakinsa Barney Fife, mai cika baki ga tsoro.

To daga ina saɓanin yake fitowa? A zanguna biyar na farko ana yin kashi 31 zuwa 32 a shekara, a ukun ƙarshe kuma 30. Marubuta daban-daban ne suke rubutawa, kowa da kashin da aka ba shi. A lokacin babu kaset a gidaje, balle a tsayar da hoto a karanta abin da ke rubuce a bango. Wanda ya rubuta kashi a 1963 ba shi da dalilin komawa ya duba abin da wani ya sa a bakin Barney a 1961, tunda bai taɓa zaton wani zai kalli biyun a dare ɗaya ba. Shi ya sa sunan tsakiya na Barney ya zama tarko: a wani wuri Oliver ne, a littafin hotunan 'yan ajinsu na sakandare Milton ne, a wasu wuraren kuma harafin P kawai ake ji. Idan ka tambayi mutane sunan tsakiyarsa ka ce amsa ɗaya kake so, ka zalunci biyu daga cikin ukun da suka amsa daidai. Gyaran mai sauƙi ne: ka ce su kawo sunayen duka, ko ka ambaci kashin da kake nufi.

Haka batun dangantakar Andy da Barney. A kashi na farko 'yan uwa ne na dangi, har a kan hakan aka yi barkwancin yadda Barney ya sami aikin. Bayan 'yan kashi kaɗan aka daina ambaton zumuncin, suka koma abokai tun na yarinta. Goober, wanda George Lindsey ya fito a matsayinsa, an taɓa kiransa da Beasley kafin a tsayar masa da Pyle, sunan ɗan uwansa Gomer. Shi kuma Gomer da farko yaron gidan mai ne da bai san komai a injin mota ba sai zuba mai da duba ruwa, daga baya sai ga shi ya zama makanike. Floyd mai aski ma ba Howard McNear ne ya fara fitowa a matsayinsa ba. Walter Baldwin ne ya yi kashi ɗaya kafin shi.

Akwai wani tarkon da ya fi waɗannan kama mutane, wato tambayar yaushe aka fara ganin Mayberry. Ba a Oktoba 1960 ba ne. A Fabrairun shekarar aka gwada labarin a cikin wani kashi na The Danny Thomas Show, inda Andy ya kama Danny da laifin tuƙi. A can Frances Bavier ta fito, amma ba a matsayin Gwaggo Bee da aka san ta da shi daga baya ba, wata mata ce daban mai suna Henrietta Perkins, kuma babu Barney sam. Don Knotts, wanda daga baya ya fito a matsayin Barney, a talabijin ya kalli wannan kashin, ya kira Griffith, wanda suka yi wasan dandamali tare tun 1955, ya ba shi shawarar cewa shugaban 'yan sanda yana bukatar mataimaki. Don haka duk tambayar da ta ƙunshi "karo na farko", sai ka fayyace ko da kashin gwajin kake ƙirga ko babu shi.

Sai matsalar kwafin da mutum ya kalla, wadda masu haɗa tambaya ba su cika lura da ita ba. Tashoshin da suke maimaita shirin sukan yanke mintuna kaɗan don su cusa talla, kuma abin da ya fi shan almakashi shi ne ɗan gajeren zancen rufewa da ke zuwa a ƙarshen kashi. Mutum zai iya kallon kashi sau da yawa a talabijin bai taɓa ganin wannan ɓangaren ba. Kada ka ɗauko tambaya daga can sai ka tabbata mahalarta cikakken kwafi suka gani.

Tambayoyin da suke tsayawa da ƙafarsu su ne na yadda aka yi aikin, kuma su ne suka fi daɗi. Kashi 159 baƙi da fari ne, 90 masu kala, kuma canjin ya zo ne a 1965, daidai lokacin da Knotts ya bar shirin. Ya tafi ne saboda Griffith ya sha faɗin cewa shekara biyar zai yi ya tsaya, sai Knotts ya nemi wata hanya ya ƙulla yarjejeniyar finafinai da kamfanin Universal. Ko da Griffith ya sauya ra'ayi, bakin alƙalami ya bushe. Aka kawo Jack Burns a matsayin sabon mataimaki, Warren Ferguson, bai wuce kashi 11 ba aka cire shi ba tare da an yi wa masu kallo wani bayani ba. Knotts ya ci lambar yabon talabijin ta Emmy sau biyar da rawar Barney, kuma biyu daga ciki, na 1966 da 1967, da fitowar baƙunta ya same su bayan ya tafi. Bavier ta ci ɗaya a 1967. Shi kuwa mai shirin, Griffith, ko sunansa ba a taɓa sa wa a takara ba saboda wannan rawar, alhali shi ne ya janye daga yin barkwancin da kansa bayan zango na farko ya bar wa Knotts fili. Wannan rashin adalci ne, ko ba a faɗa ba.

Fiton da ake buɗe shirin da shi ba Griffith ne ya yi ba, Earle Hagen ne, wanda ya tsara kiɗan tare da Herbert Spencer. Tafkin da uba da ɗa suke tafiya kamun kifi a bakinsa yana Franklin Canyon ne a Los Angeles, kuma dutsen da ake gani ya faɗa ruwa ba na Ron Howard, yaron da ya fito a matsayin Opie, ba ne: yana ɗan shekara shida, hannunsa bai kai ba, sai wani ma'aikaci ya ɓuya a bayan ciyayi ya jefa nasa. Titunan garin a filin Forty Acres da ke Culver City aka ɗauke su, cikin ɗakuna kuma a kamfanin Desilu. Da kyamara ɗaya ake ɗauka kamar fim, babu 'yan kallo a wurin, dariyar da ake ji daga baya ake ɗora ta. In ka lura Floyd kusan kullum a zaune yake ko a jingine a kashin baya-baya, dalilin shi ne McNear ya sami shanyewar ɓarin jiki a lokacin zango na uku, da ya dawo aka riƙa tsara masa fitowa yadda ba sai ya yi tafiya ba.

Wasu abubuwan kuma ƙwaƙwalwar masu kallo ce take kumbura su. Ernest T. Bass, mai jifan tagogi da duwatsu, kashi biyar kacal ya fito. Iyalan Darling masu kiɗan tsaunuka kashi shida. Sarah mai haɗa waya da Juanita ta gidan abinci ba a taɓa nuna fuskarsu ba. Ba a taɓa faɗin sunan mahaifiyar Opie ba, ba a kuma faɗi sunan dangin Thelma Lou, budurwar Barney, ba, saboda haka duk wanda ya kawo maka amsa a nan ƙirƙirarta ya yi. Irin waɗannan suna da kyau a matsayin tambayar tarko, amma ɗaya ko biyu sun isa. In tambaya ashirin za ka yi, ka sa takwas masu sauƙi irin su inda Barney yake ajiye harsashinsa guda ɗaya, wato aljihun rigarsa, takwas na bayan fage, biyu na saɓani da ka fayyace kashinsu, biyu na tarko. Ka rubuta zango da kashin kowace amsa a gefen takardarka kafin a fara.

Tambayar ko Mount Airy, garin haihuwar Griffith, shi ne Mayberry, kada ka sa ta a sigar e ko a'a. Griffith ya daɗe yana musantawa, amma an ambaci Snappy Lunch, gidan abinci na gaske a garin, a cikin shirin, kuma sunan Mount Pilot, garin da ake yawan faɗa a shirin, yana kama da na Pilot Mountain da ke kusa da Mount Airy. Mount Airy dai yana bikin Mayberry Days kowane Satumba tun 1990.

Akwai tambaya ɗaya da ba kasafai ake sa ta ba, ni kuma ina ganin ta cancanci shiga: baƙaƙen fata nawa ne suka sami rawar da ke da magana a kashi 249 ɗin nan? Amsar da aka sani ita ce mutum ɗaya, Rockne Tarkington, wanda ya fito a matsayin mai horar da su Opie ƙwallo a 1967. Wannan kuwa a shirin da aka ce yana faruwa a jihar da ɗalibai baƙaƙe huɗu suka fara zaman dirshan na adawa da wariyar launin fata a kantin Woolworth na Greensboro ranar 1 ga Fabrairu 1960, watanni takwas kafin a nuna kashi na farko.