Samari, Ku Ɗauki Biro Mu Yi Lissafin Bet

'Yan uwana samari, kafin wani ya sake zuba kuɗi a waya, mu duba yadda kamfanin caca yake cin ribarsa.

A wasan da ƙungiyoyi biyu suke da ƙarfi ɗaya kuma dole ɗaya ta ci, adalci shi ne kowane ɓangare ya samu odd 2.00, wato a biya wanda ya ci ninki biyu na abin da ya zuba. Kamfani 1.90 yake bayarwa. Mutum biyu suka zuba dubu-dubu, ɗaya nan ɗaya can, ya karɓi 2,000, ya biya wanda ya ci 1,900. Ɗari ta zauna a aljihunsa, ko wa ya yi nasara.

Tikitin haɗaka ne ya fi muni. Ka jera irin waɗannan wasanni goma, damar ci ɗaya ce cikin 1,024. Tikitin naira 100 kamata ya yi ya biya 102,400, amma 61,300 da 'yan kai za a ba ka, an zaftare kashi 40 cikin ɗari tun ba a take ƙwallo ba. Kukan nan na "wasa ɗaya ne ya yanke min" kuwa, lissafi ya san da shi: samun tara daidai ya ninka samun goman sau goma. Ba kusa ka yi ba, haka tarkon yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, ta kuma ƙiyasta cewa kashi 1.2 cikin ɗari na manya a duniya suna ɗauke da ita, kuma kowane mai tsananin caca yana jawo wa kusan mutum shida wahala. Uwa, mata, 'ya'ya, abokin da aka ci wa bashi, maigidan da aka taɓa wa jari. Masu wannan ciwo sun fi sauran mutane tunanin kashe kansu. Ƙiyayya da gabar da aya ta 91 a Suratul Ma'ida ta ambata, ga su nan a gidaje.

Babbar alamar ita ce ramuwa. Ka faɗi 2,000, ka zuba 5,000 don ka maido. Daga nan sai ɓoye waya, ƙarya kan inda kuɗi ya tafi, bashin manhajojin lamuni, sayar da babur. Wanda ya ga biyu daga cikin waɗannan a jikinsa, kada ya jira na uku.

Abin yi: ka rubuta wa kamfanin ya rufe asusunka, goge manhaja kaɗai ba ya isa, minti biyu ta dawo. Ka miƙa katin ATM ga yayanka ko matarka na wata uku, a riƙa ba ka kuɗin cefane da na mota a hannu. Ka fice daga zaurukan WhatsApp da Telegram masu sayar da "tabbatattun wasanni". Da suna da tabbas, ai ba za su sayar maka a dubu biyar ba. Bashi kuma a rubuta shi duka a takarda, a biya daga sana'a, kada a nemi biyansa da wani tikitin.

In barci ya ƙi, ko zuciya ta fara raya maka cutar da kanka, a ranar ka faɗa wa wani babba a gida, ku je wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri.