Sarauniyar kabon da ma'aunin da ya makara

Duk sanda aka tashi yabon masanin kimiyya a yau, lissafi ake fara jero mana: muƙala nawa ya wallafa, sau nawa wasu suka ambace shi, kyauta nawa ya lashe. Tun da Jorge Hirsch ya fito da ma'auninsa a 2005, wanda ke cuɗa yawan muƙalun mutum da yawan ambatonsu ya fitar da lamba guda, jami'o'i suka samu hanya mai sauƙi ta yanke hukunci. Sauƙin nan ne bai kwanta mini ba, kuma Mildred Dresselhaus, masaniyar kimiyyar fiziks 'yar Amurka da ake wa laƙabi da sarauniyar kabon, ita ce hujjata.

A 1960 ta kama aiki a ɗakin bincike na Lincoln da ke ƙarƙashin jami'ar MIT a Amurka. Lokacin kowa ya raja'a kan sinadaran da ake ƙera taransista da su. Ita kuwa sai ta koma kan girafayit, baƙin abin nan da ke tsakiyar fensir. Fage ne da babu rububi, kuma hakan ya yi wa mace mai renon yara huɗu daidai, don ba ta fargabar wani ya riga ta in ta kwana jinyar ɗa. Ta duƙufa tana tantance yadda lantarki ke tafiya a cikin shimfiɗun kabon da suka haɗu suka zama girafayit. Da a ce wani kwamiti ya auna ta da yawan ambato a wancan zamani, da ya ce ta sake sana'a.

Sai aka wayi gari kabon ya zama amarya. A 1985 Kroto, Curl da Smalley suka gano wata ƙwallon kabon mai ƙwayoyin zarra 60 a Jami'ar Rice. A 1991 Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ya bayyana bututun kabon, wanda kaurinsa 'yan nanomita ne kawai (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Shekara guda bayan haka Dresselhaus da abokan aikinta suka nuna da lissafi cewa yadda aka naɗe shimfiɗar kabon ta zama bututu ne ke hukunta halin bututun. A naɗe ta ta wannan kusurwa, ya ɗauki lantarki kamar ƙarfe. A ɗan karkata, ya koma irin sinadarin taransista. Sai a 1998 na'urori suka tabbatar da hakan. Wannan hasashe daga ina ya fito? Daga shekara talatin ɗin nan da ta yi a kan fensir.

Za a ce ai ma'aunin bai zalunce ta ba, tunda ta bar muƙala kusan 1,700, ta karɓi kyautar Kavli a 2012 da lambar yabo mafi girma ta farar hula a Amurka a 2014. Gaskiya ne. Amma bayan abu ya yi kyau kowa gwanin yabo ne. Matashin da ake ba tallafin shekara uku a ce ya nuna tasiri, wa zai jira shi shekara talatin?

Ambaton ma kansa yana da son kai. Radushkevich da Lukyanovich sun wallafa hotunan bututun kabon tun 1952 a Tarayyar Sobiyet, amma da Rashanci, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, sai aikin ya kwanta. Kyautar Nobel kuma ta je wa masu ƙwallon a 1996, ta je wa Geim da Novoselov na Manchester a 2010 saboda girafin, wato shimfiɗar kabon guda ɗaya tak, da suka ɓamɓaro daga girafayit da salatif a 2004. Dresselhaus ta rasu a 2017 tana da shekara 86 ba ta same ta ba. Iijima ma shiru har yau.

Wasu na cewa a bar muƙala, a duba kasuwa. Nan ma ina da ja. An yi ta kururuwar cewa girafin zai kori silikon, sinadarin da ake ƙera taransista da shi, har Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin yuro biliyan ɗaya a 2013. Silikon yana nan daram a cikin kwamfutocinmu. Inda bututun kabon ya samu gindin zama, wuri ne da babu mai ɗaukarsa hoto: baƙin gari da ake barbaɗawa a cikin batirin litiyam don lantarki ya gudana sosai, ko a gauraya da roba don ƙara mata ƙarfi.

Ni in za a tambaye ni tasirinta, zan nuna ɗalibai fiye da 60 da suka yi digirin dakta a hannunta. Zan kuma nuna dabarar da ta taimaka wajen gogewa, wadda ake haska leza kan ƙurar kabon a karanta hasken da ya dawo, a gane ko wane irin bututu ne. Mai bincike na yau yakan yi wannan awon kafin ya tashi cin abincin rana, ya rubuta sakamakonsa, sau da yawa ba tare da ya sa sunanta a muƙalar ba.