Cikar Wa'adin Lasisin Ruwa Ba Ta Dawo da Kuɗin Ajiya

Har yanzu ana yawan ɗauka cewa kamfanin haƙar ma'adinai a arewacin Kanada zai karɓi kuɗin ajiyar da ya bayar kan lasisin ruwa, wato izinin amfani da ruwa da zubar da sharar aiki, da zarar wa'adin lasisin ya cika. Lamarin ba haka yake ba. Domin gyaran wurin haƙar bayan an gama aiki aka karɓi kuɗin, saboda haka hukuma ba ta sakin su sai masu dubawa sun tabbatar an rufe ramuka, an kwashe tankokin mai, an kuma magance gurɓataccen ruwa. Ga misalin abin da ake gudu: kamfanin da ke da mahaƙar zinariya ta Giant a birnin Yellowknife ya durƙushe a 1999, ya bar tan 237,000 na ƙurar arsenik mai guba a ƙarƙashin ƙasa, kuma gwamnati ce ke ɗauke da nauyin gyaran har yau.