Attaruhun Maigida da ba ya yaji

Uwargida: Malam me kake tonowa kuma a kaskon nan da tsinke?

Maigida: Dubawa nake ko ya fara saiwa.

Uwargida: Jiya ka duba, shekaranjiya ka duba, wlh ko kaza ce ke kwanci ake ɗaga ta haka da tuni ta bar ƙwan.

Maigida: Ke ba ki san kan abin ba. Wannan aji dulce sunansa, ƙamshin attaruhu sak, ga wani ɗan zaƙi kamar na 'ya'yan itace amma yaji babu. Sai ya yi sati biyu zuwa huɗu kafin ya tsiro, kuma sai ƙasar ta yi ɗumi, digiri 25 zuwa 30.

Uwargida: Toh tunda ka san sati huɗu ne, yau fa kwana biyar.

Maigida: A sani kuma a tabbatar, ilimi ke nan.

(Bidiyo uku ya kalla a YouTube, irin waɗanda ake nuna shuka yau minti ɗaya kuma ga kwando cike, tun daga ranar ba a ƙara jin kunne a gidan ba.)

Maƙwabci: Salamu alaikum. Kai Alhaji wannan ruwa haka, barkono kake raino ko kifi? Danshi kaɗan yake so, in ya jiƙe sharkaf ruɓewa zai yi. Ina ka samu irin?

Maigida: Da hannuna na cire daga wanda na shuka bara.

Maƙwabci: Wanda ke jikin shinge kusa da attaruhuna? Ai ƙudan zuma sun yi ta zirga-zirga tsakaninsu suna kwasar garin fure. Na bara ba zai yi yaji ba, amma irin da ke cikinsa ya riga ya gauraya, kuma in aka gauraya yaji ne ke rinjaye.

Maigida: Malam, ƙudan zuma sun san iyaka.

Maƙwabci: Allah ya ba da sa'a.

Cikin iri ashirin da ya shuka, biyu ne suka rayu (ya ce da ma biyu yake so), bayan wata huɗu suka nuna jajir, ya aika yaro ya kira maƙwabci har da shimfiɗa tabarma kamar ɗaurin aure.

Maigida: Naka na kaiwa 100,000 zuwa 350,000 a ma'aunin yaji na Scoville, nawa da ƙyar ya kai 1,000. Ka zuba ido.

Ya jefa guda a baki ya tauna. Shiru. Kunne ya yi ja, hula ta karkace.

Uwargida: Malam hawaye kake yi.

Maigida: Ƙamshi ne... ƙamshin ne ya ratsa ni.

Uwargida: Gumin fa?

Maigida: Tun safe nake jin zafin gari.

Maƙwabci: Sanyi ake fa Alhaji, rigar sanyi ce a jikinka.

Maigida: Shi ya sa nake gumin! Ƙwayoyin cikin ne kawai suka ɗan, suka ɗan taɓa ni.

Maƙwabci: Yajin ba a ƙwaya yake ba, a farin jijiyar nan yake da ƙwayar ke manne da ita. Kar ka sha ruwa, ba ya wanke shi, madara za a kawo maka.

Maigida: Madarar me, yaji na ji? Amma ke kawo ta, ba don komai ba, na kwana biyu ban sha ba. Kofin babban nan. Ki yi sauri mana!

Uwargida: Toh tunda ba ya yaji in zuba maka guda shida a girkin dare?

Maigida: Ki sa ɗaya. Rabi ma. Ba a almubazzaranci da iri mai daraja.