Ba ɗaurin aure kaɗai ba ne

Wani labari ya ce ɗan ƙasa na iya nema wa matarsa baƙuwa izinin zama na dindindin. Gaskiya ne, amma bai taɓo nauyin da ke ciki ba. A Amurka, bayan fom I-130, wanda da shi ake shigar da buƙatar, sai ka sa hannu a fom I-864 cewa za ka ɗauki nauyinta, kuma ko saki bai sauke maka wannan alkawari. A Kanada alkawarin ɗaukar nauyin na shekara 3 ne. Da na nema wa maiɗakina, har hotunan biki da hirarmu ta WhatsApp sai da na buga a takarda. Ita kuwa tana can, kullum ta kira tambaya ɗaya ce: "Sun amsa?" Wallahi jiran nan ya fi komai ci mini rai.